Filin Amsa Wasiƙu: Mutanen Gari da Tarukan Jami'ar Damagaram

Tun da karatu ya kankama a bana, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Damagaram da kewayenta suka karkata ga magana ɗaya, wato laccocin da baƙin malamai za su gabatar a Jami'ar André Salifou, da wasannin kwaikwayo da nune-nunen zane da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa a harabarta. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yawancin masu rubutowar ba ɗalibai ba ne. Ƴan kasuwa ne da iyaye da masu sana'ar hannu, kuma kusan kowannensu tambaya ɗaya yake yi ta fuska daban: shin akwai wurin zamansa a can? Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a unguwar Zongo:

Assalamu alaikum. Ɗana ya nuna mini sanarwa a wayarsa cewa wani babban malami zai zo daga Yamai ya yi lacca a kan matsalar ruwan sha a garinmu. Shekaruna sun haura sittin, ban yi lakkwal ba, karatun allo na yi, amma babu wanda zai ba ni labarin wahalar ruwa a Damagaram. Shin irina yana iya shiga wurin, ko sai mai katin ɗalibi? In kuma na shiga, da wane harshe za a yi magana?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kana iya shiga, matuƙar sanarwar ta ce laccar ta jama'a ce. Zaman da ake yi a jami'a ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa ya kamata a rarrabe. Akwai darasin aji, wanda na ɗaliban da suka yi rajista ne, kuma baƙo ba ya shigarsa sai da izinin malamin. Akwai taron masana, inda malamai daga jami'o'i daban-daban kan kwana biyu ko uku suna karanta wa juna sakamakon bincikensu. Shi ma ba a cika mayar da baƙo daga ƙofa ba, sai dai maganar cikinsa takan yi wa wanda ba fanninsa ba ne nauyi. Sannan akwai lacca ta jama'a, irin wadda aka nuna maka, kuma tun asali don irinka ake shirya ta, domin a fito da abin da ke cikin littattafai a shimfiɗa shi gaban mutanen da abin ya shafa. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa a aljihu saboda masu gadin ƙofa, ka kuma sa ɗanka ya raka ka har babban ɗakin taron da ɗalibai ke kira amfi.

Game da harshe, ba zan ɓoye maka ba, da Faransanci ake koyarwa a jami'o'in ƙasar nan, kuma da shi mai laccar zai fi saurin farawa. Sai dai kana da madogara biyu idan ka miƙe ka yi tambayarka da Hausa. Ta farko, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan bai sauya harshen lacca dare ɗaya ba, amma ya kawar da jin nauyin da mutane kan yi. Ta biyu kuwa ta fi daɗewa: a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar da aka fara koyar da yara da harshen uwa, a shekarar 1973, kuma Hausa ne harshen. Garin da aka yi wannan a cikinsa fiye da shekara hamsin da suka wuce, bai kamata dattijonsa ya nemi afuwa kafin ya yi magana da Hausa a ɗakin taro ba.

Ga yadda zaman ke gudana. Bayan mai lacca ya gama, mai jagorantar zama yakan ce masu tambaya su ɗaga hannu, ya rubuta sunayensu, sannan ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga hannu da wuri, domin idan aka rufe jerin sunayen da wuya a sake buɗe shi. In an kira ka, ka faɗi sunanka da unguwarka, ka taƙaita gaisuwa, ka yi tambayarka. Ko da mai laccar ba ya jin Hausa, ba za a rasa mai fassara masa a kan teburin ba.

Ina son ka je ne saboda abin da ka sani. Malamin zai zo da taswira da alƙaluma, zai bayyana cewa garin yana zaune ne a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, shi ya sa ake janyo ruwan daga nesa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da na Arunguza, kuma wataƙila ya tuna muku cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Faransawa suka bayar lokacin da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai a 1926. Duk wannan gaskiya ne. Amma kai ka san wace rijiya ce ke fara ƙafewa idan bazara ta shigo, ka san ƙarfe nawa na dare mata ke fita da bidon su bi layin famfo, ka san yadda ƴan garuwa ke ƙara kuɗi tun kafin ruwan ya ɗauke. Na taɓa zama a wata lacca a wani gari a kan tsutsar da ke cin gero, aka yi fiye da awa ana nuna hotuna a bango, sai wani tsoho ya miƙe daga layin baya, ya zaro zangarniya guda daga aljihun rigarsa, ya taka har gaban teburi ya ajiye ta, ya ce a gonarsa ɓarnar ba ta wannan gefen take farawa ba. Mai laccar ya cire tabarau, ya yi ta juya zangarniyar a hannunsa, daga nan sauran zaman ya koma hira tsakanin su biyu, mu kuwa muna sauraro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Birni:

Ƴata tana shekara ta biyu a jami'a. Ta zo mini da maganar cewa ƙungiyarsu za ta yi teyatur a ƙarshen zangon karatu, kuma ita aka ba matsayin uwargidan sarki. Mahaifinta ya ce shi karatu ya tura ta, ba wasa ba. Ni kuma ina tsakiya, ban san bayan wa zan goya ba. Mene ne amfanin wannan abu ga mai neman digiri, kuma ba zai taɓa mata mutunci ba?

Amsa:

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Damuwar maigidanki ba ta banza ba ce, kuma zan dawo kanta. Amma bari in fara da sunan da ke rubuce a ƙofar makarantar da ya tura ƴarsa.

An haifi André Salifou a nan garin a 1942. Masanin tarihi ne, ya wallafa littafin bincike a kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19, shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya kuma rasu a 2022. Wannan mutumin, wanda babu mai shakkar zurfin karatunsa, shi ne ya rubuta wasan kwaikwayon nan mai suna Tanimoune, wanda aka buga a 1973, a kan Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwar da kike ganin ragowarta, ya sa aka ƙera manyan bindigogi a cikin gari, ya rasu a 1884. Abin lura shi ne, malamin ya riga ya rubuta tarihin a littafi irin na masana, amma bai ga hakan ya wadatar ba, sai da ya mayar da shi magana a bakin ƴan wasa. A ganina dalilin a fili yake: littafin bincike ƴan kaɗan ne za su buɗe shi, amma idan sarki ya fito a dandali da rawaninsa, fadawa suna yi masa kirari, har yaron da bai iya karatu ba zai koma gida da sunan Tanimun a bakinsa.

Ba kuma Turawa ne suka kawo mana kwaikwayo ba, sunan teyatur kaɗai muka ara a wurinsu. Ke da kika tashi a Birni kin san tashe, wanda yara kan fara idan azumi ya kai kwana goma, suna bin gidaje suna kwaikwayon miji da mata, malami da almajiri, mai rowa da mai kwaɗayi, manya suna dariya suna ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Kin kuma san wasan kara, wanda garin nan ya yi suna a kansa, inda samari kan naɗa nasu sarki da nasu gwamna da nasu manyan ma'aikata, su kwaikwayi tafiyarsu da muryarsu da yadda suke zama, wani lokaci a gaban masu sarautar na gaske. Inoussa Ousseini, wanda shi ma ɗan garin ne, ya ɗauki wasan a fim a 1980. Al'ummar da ta yarda talaka ya sa rigar sarki na yini ɗaya ya nuna wa sarkin yadda jama'a ke ganinsa, ba za a ce ba ta san darajar kwaikwayo ba.

Daga baya, a zamanin mulkin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa da ake yi kowace shekara sun sa kowace jiha ta riƙa kawo nata wasan ana gasa. A wannan zamani ne tawagar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta zama abin saurare da kallo a faɗin ƙasa, kuma na tabbata maigidanki da kansa ya sha dariya a gaban rediyo ko talabijin saboda su. Da yawa daga cikin ƴan teyatur na lokacin malaman makaranta ne da ma'aikata, masu iyali, waɗanda kan tashi daga aiki su wuce wurin gwaji. Ba su cika rubuta maganar wasan kalma bayan kalma ba. Sukan tsara labarin da fitowa-fitowarsa, kowa ya san halin wanda zai kwaikwaya, sannan maganar ta fito daga bakinsa a wurin gwaji, ana gyarawa har ta zauna. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta zo har nan ta zauna da su, ta wallafa littafi a 1987 a kan teyatur na Hausa a Nijar. Wato abin da wasu ke ganin wasa ne, wasu sun ƙetaro teku sun yi digiri a kansa.

Amfaninsa ga ƴarki kuwa ba sai an yi nisa ba. Ranar da za ta kare kundin digirinta, za ta tsaya ita kaɗai gaban malamai uku ko huɗu da ɗaki cike da mutane, kuma na ga ɗalibai masu ƙwazo da muryarsu ta maƙale a wannan rana saboda ba su taɓa magana gaban taro ba. Wadda ta saba fitowa dandali ta san yadda ake ɗaga murya ba tare da ihu ba, ta san yadda ake ci gaba idan kalma ta kuɓuce. Ba zan yi wa teyatur na ɗalibai yabon da ya wuce kima ba. Sau da yawa sukan cika ihu, kuma wasu wasanninsu wa'azi ne kawai aka sa masa riga, tun daga fitowar farko ka san mugu zai tuba a ƙarshe. Amma masu koyo ne, kuma tsofaffin ƴan wasan garin nan da suke raye za su iya gyara musu da yawa idan aka gayyace su wurin gwaji.

Sai maganar mutunci, wadda ita ce ainihin damuwar maigidanki. Mutunci ba a dandali yake zubewa ba, a abin da ke kewaye da dandalin ne, kuma wannan kuna da ikon bincikarsa. Ki tambaye ta ƙarfe nawa ake gwaji da kuma ƙarfe nawa ake tashi, wane malami ne ke kula da ƙungiyar, wace irin sutura matsayinta ke buƙata, kuma ko ranar wasan ta yi kusa da jarrabawa. Ki nemi ta ba ki labarin wasan daga farko har ƙarshe. Wadda aka ba matsayin uwargidan sarki, da lulluɓinta da kwarjininta za ta fito. Idan ana kaiwa dare, ƙaninta ko yayanta ya riƙa ɗauko ta. Idan kin samu hali ki je gwaji sau ɗaya ki zauna a gefe, babu mai hana uwa. Bayan kin gani da idonki sai ki yi wa Alhaji bayani cikin natsuwa, lokacin da ya huta, ba a gaban yarinyar ba, ki kuma roƙe shi ya zo ranar wasan ya zauna a layin gaba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Mirya:

Sau biyu ina ganin sanarwar taro a WhatsApp in ɗauki hanya, in tarar an ɗaga ko an riga an yi. Ta yaya zan tabbatar da rana kafin in ƙona mai? Kuma ana biyan kuɗin shiga?

Amsa:

Malam, sanarwar da ke yawo a WhatsApp ba ta mutuwa. Ta bara ma tana iya dawowa bana kamar sabuwa. Ka duba ko an rubuta shekara a jikinta, ka duba ko ranar mako ta dace da kwanan watan, ka kuma duba wace tsangaya ko wace ƙungiya ce ta sa hannu. Abin dogaro shi ne allon sanarwa na tsangayar da kuma shafin jami'ar na kanta, ba abin da aka turo daga hannu zuwa hannu ba. Tun da kana da tsofaffin ɗalibanka a can, ka sa ɗaya ya leƙa allon ana gobe taron, ya kira ka.

Ɗagawar kuma tana da dalili. Baƙin malamai da yawa ba don lacca kaɗai suke zuwa ba. Sukan zo ne su koyar da darasin da aka matse cikin mako ɗaya ko biyu, sai a nemo wa laccar jama'a gurbi a tsakani. Wanda zai taso daga Yamai yana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabansa, don haka jinkirin yini ɗaya a hanya yakan ture dukan tsarin. Laccar jama'a da nunin zane a al'ada kyauta ne. Teyatur ne wani lokaci ƙungiyar ɗalibai kan sa ɗan abin shiga don biyan hayar kayan sauti da sutura, kuma idan akwai, a jikin sanarwar ake rubutawa.

Tambaya daga wani matashi baduku:

Dukanci gadon gidanmu ne, ina yin jakunkuna da gafaka da matasan kai na fata. Na ji ɗalibai suna neman masu zane da za su kawo ayyukansu a nuna. Na taɓa shiga irin wannan wuri, ban ga komai ba sai hotunan fenti a rataye a bango. Shin aikinmu yana cikin abin da ake nufi, ko na masu boko ne kawai?

Amsa:

Ƙanena, yana ciki, kuma idan masu shirya nunin ba su neme ka ba, kai ka neme su. Kuskure ne da ya daɗe a zukatan mutane cewa zane shi ne fenti a kan ƙyalle mai katako a gefe, sauran kuwa sana'a ce kawai. Ka zaga Birni ka ɗaga kai ka dubi fuskokin tsofaffin gidaje: dagi da sauran zane-zanen da magina suka fitar da hannu a jikin ɗanyen yaɓe, da zankwaye a saman soraye, da makubar da ake yi da ɓawon ɗorawa don bango ya jure ruwan sama. Saboda waɗannan gidaje da fadar Mai Martaba ne aka sa tsohon garin cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, tun 2006, jerin da Agadas ta fito daga cikinsa ta shiga na kayan tarihin duniya a 2013. Ka dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, yadda mai zayyanar ke raba fuskar allon gida-gida ya cika kowane gida da launi. Waɗanda suka yi waɗannan ba su shiga ajin zane ba. Wannan kuma amsa ce ga masu rubuto mini cewa suna ƙyamar nunin zane saboda hotunan masu rai: hukuncin wannan na malaman addini ne, amma mafi yawan zanen da muka gada babu surar mutum ko dabba a cikinsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin nuni da baje koli, kuma a nan ne masu sana'a kan yi tuntuɓe. A kasuwa kana tara kaya da yawa don mai saye ya zaɓa. A wurin nuni kuwa kaɗan ake so, a ba kowanne fili, don mai kallo ya tsaya ya duba. Kada ka kai jaka talatin; ka kai biyar da ka fi alfahari da su, kuma idan akwai tsohuwar gafakar da kakanka ya ɗinka, ka nemi izinin gida ka ajiye ta kusa da taka sabuwa, domin mai kallo ya ga abin da ya sauya da abin da bai sauya ba. Kowane aiki a rubuta masa ƴar takarda da Hausa da Faransanci: sunan wanda ya yi shi, shekarar da aka yi shi, irin fatar, da abin da aka rina ta da shi. Ɗalibi ɗaya zai iya taimaka maka da wannan cikin rabin awa.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ka nuna hanyar aikin, ba ƙarshensa kaɗai ba. Ka shimfiɗa tabarma a gefe, ka ajiye fatar akuya kamar yadda ta fito daga majema, da ƴan ƙwayoyin bagaruwar da ake jima da su, da karan dafin da ke ba da jan launi, da basilla da wuƙar yankan fata, ka zauna kana aiki. Na ga an yi haka a wani nuni: mutane suka riƙa wuce hotunan bango da sauri, amma suka yi cincirindo a kan wani dattijo da ke fere siririn zaren fata, tsawonsa ya fi kamu biyu, bai tsinke ba, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ɗaliban da ke karatun tarihi da zamantakewa suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, alhali yana nan a unguwarku.

Kafin ka miƙa kayanka, ku rubuta takarda kai da masu shiryawa, wadda ta ƙidaya abin da ka kawo da ranar da za ka karɓa, ku kuma yi magana a kan wanda zai kwana da mabuɗin ɗakin. Ka roƙi kada a ajiye fata inda rana ke dukanta ta taga, don launinta yakan koɗe. Idan akwai zanen da kai ka ƙirƙira kuma ba ka son a kwafa, ka faɗa tun farko a rubuta cewa ba a ɗaukar hotonsa. Batun sayarwa kuma ka tambaya. Wasu masu nuni sukan yarda a rubuta farashi a takarda daban, mai so ya karɓi kayan bayan an rufe.

Tambaya daga wani ɗalibin shekarar farko:

Malamanmu suna cewa mu riƙa zuwa laccocin baƙi, amma ba a ba da maki a kansu, ga kuɗin kabu-kabu. Sau ɗaya da na je ban fahimci rabin abin da aka faɗa ba, kuma na ji kunyar yin tambaya. Ya cancanci wahalar?

Amsa:

Ɗana, wanda ya fahimci rabin laccar babban malami a shekararsa ta farko bai yi asarar kuɗin kabu-kabu ba. Jami'arku yarinya ce. A 2010 aka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Tawa, alhali ta Yamai tun farkon shekarun 1970 take. Makaranta mai irin wannan shekaru ba za ta tara masanin kowane fanni a cikin gida ba, don haka baƙon da ya zo daga Yamai ko Kano ko Zariya ko wata ƙasa, wataƙila shi ne karo ɗaya da za ka ga mai wannan fannin ido da ido kafin ka gama lisans. A tsarin da kuke bi, shekara uku ce lisans, biyu masta, uku dokta, kuma tun daga masta za ka buƙaci malamin da zai duba aikinka. Ɗalibai da yawa a irin wannan zama suka fara haɗuwa da wanda daga baya ya zama mai duba su.

Ba sai ka je kowace lacca ba. Ka zaɓi biyu ko uku a zango, ɗaya daga ciki ta kasance ba ta fanninka ba. Kafin ranar ka nemi sunan mai laccar a intanet, ka karanta ko shafi biyu ne na abin da ya rubuta, domin kunne ya fi kama kalmar da ido ya taɓa gani. Ka je da kaye da bik, ka rubuta kalmomin da suka shige maka duhu a gefe ɗaya, abin da ka gane a ɗaya gefen. Idan za ka yi tambaya, ka rubuta ta tukuna, kada ta wuce jimla biyu, kuma ta kasance tambaya ce. Akwai masu karɓar makirufo su yi tasu laccar ta minti goma, su zauna ba su tambayi komai ba, kuma kowa a ɗakin yana ganewa. In kunya ta hana ka a cikin taro, ka jira a bakin ƙofa bayan an tashi, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da sashenka, ka yi tambayar a tsaye.

Akwai kuma wani zama da ƴan shekarar farko ba su cika sanin suna da damar shiga ba, wato ranar da manyan ɗalibai ke kare kundinsu. A al'ada a buɗe ake yin sa, dangi da abokai sukan cika ɗakin, kuma ana liƙa jadawalinsa a allon sashe. Ka shiga biyu ko uku a sashenku, ka zauna a baya, ka kashe ƙarar wayarka, ka rubuta tambayoyin da malaman ke yi wa mai karewar, musamman waɗanda suka sa shi yin shiru kafin ya amsa.